Dokar Mota Ɗaya

"Ba ni maik ɗin nan, Afiniki."

Ina tsakiyar baiti a ɗakin gwajin waƙa Baba Bartholomew ya miƙo hannu. Ko ƙwanƙwasar sandarsa ban ji ba, sai ganinsa na yi a gabana, fuskar nan a murtuke. Mai kibod ya janye yatsunsa. Kalangun Malam Mijinyawa ya yi ɗan gunaguni ya yi shiru a hammatarsa.

"Baba, ban kai ƙarshe ba..."

"Kin kai."

Na miƙa masa. Tunda na fara jan waƙa a ƙungiyar nan bai taɓa katse ni a gaban mutane ba. Ko kuskure na yi, sai mun koma gida yake gyara mini muna cin tuwo.

Ya ɗaga wata waya mai jan murfi, ya juyo mini da fuskarta.

"Wannan ke ce?"

Ni ce mana. Ni da Gershon mai busa ƙaho, a bayan sifiku ran bikin Kagoro, yana riƙe da hannuna, ni kuwa na saki baki ina dariya kamar wadda aka yi wa albishir da kujerar Urushalima. Wayar ma na gane mai ita. Na waiga wajen Hellen, mai yi mini amshi, sai na ga baiwar Allah ta tsura wa fankar silin ido kamar yau aka fara kawo wuta Kafanchan.

Lallai Hellen. Ashe duk "sista, sista" ɗin nan, ta ciki na ciki.

Gershon ya miƙe, ƙahonsa a hannu, ya ɗan rusuna.

"Baba, laifina ne. Na yi niyya in an haƙi citta in turo iyayena."

"Aurenta kake so?"

"Da yardar Ubangiji."

"Madalla. Ba ni da ƙorafi a kanka, yaro. Na san gidanku, na san kakanka." Baba ya numfasa. "Amma ka san doka. Mata da miji ba sa zama a Amon Matsirga. Ɗayanku zai ajiye."



"Barto, a bi a sannu mana," in ji Malam Mijinyawa. "Yara ne."

"Mijinyawa, kana wurin aka kafa ta."

Malam ya sunkuyar da kai, ya shiga gyara tsarkiyar kalangun da babu abin da ya same ta.

"Kafin ku zaɓa, ba za ku ƙara shiga mota ɗaya ba," Baba ya ce yana dubana. "Asabar akwai biki a Kachia. Hellen za ta ja waƙa. Ke kina gida."

Na suri jakata na fice, hawaye yana zuba har ban ga matakalar ƙofa ba, saura kaɗan in kife.

*

Bari in ba ku labarin dokar nan, don kada ku ɗauka Baba mugu ne. Ni dai a ranar haka na ɗauka.

Ƙungiyarmu, Amon Matsirga, ta ɗan girme ni. Bayan wani rikici da aka yi a garin nan, gari ya rabe biyu, har mai tumatir sai ya ji sunanka kafin ya ɗago kai. Baba a lokacin malamin firamare ne, shi ke kuma koya wa 'yan kwaya waƙa a coci. Malam Mijinyawa kuwa tun kakanni gidansu ke sayar da citta a kasuwa, shi ne ya fita zakka ya rungumi kalangu. Aji ɗaya suka yi da Baba, benci ɗaya, bulala ɗaya. Wata rana da yamma suka kwashi kayan kiɗa suka je tashar jirgin ƙasa, wadda ba ta ɓangaren kowa, suka zauna suka fara. Mahaifina, ƙanen Baba, yana kaɗa gita, mahaifiyata tana waƙa. Malam ya ce ranar farko awaki ne kawai suka saurare su, su ma rabi suka watse.

Amma sun koma. Sannu a hankali mutane suka fara tsayawa, waɗannan a wannan gefen dogo, waɗancan a wancan. Kafin shekara ta zagayo ana kiran su biki ta kowane ɓangare. Har yau tsarinmu bai canja ba. In an kira salla, mu ajiye kaya sai an idar. Ran Lahadi da safe kuwa, ko wane ne ya kira sai ya jira a tashi daga sujada. Waƙarmu Hausa ce, amma in amarya Bajju ce sai mun sa mata baiti da yarenta, in Jaba ce haka, har tsofaffinta su taso da guɗa.

Ina 'yar shekara biyar suka je biki Jere. A hanyar dawowa taya ta fashe, mota ta kife. Babana da mamata suna kujera ɗaya, kanta a kafaɗarsa. Su biyu kaɗai suka rasu. Baba ya tsira da karyayyen ƙugu, shi ya ɗauke ni ya riƙe, shi da matarsa Mama Faustina. Kafin a sake taɓa ganga ya kafa doka: mata da miji ba za su ƙara zama a ƙungiyar ba, tunda mota ɗaya gare mu, hanya kuma ɗaya.

Saboda ni aka kafa ta, ga shi a kaina ta faɗo.

*

Washegari da la'asar Gershon ya kira ni, muka haɗu a bakin dogo. Ya zo da dafaffiyar gyaɗa a leda, wai don ya san in ina fushi ba na cin abinci. Na ce ba na ci. Ya zauna yana ɓarewa yana zuba mini a tafin hannu, kafin in farga na cinye rabi.

"Fini tawa..."

"Kar ka Fini ni. Jiya da ya ce ɗaya zai ajiye, me ya hana ka magana?"

"Me zan ce wa mutumin da ya rene ki?"

"Ka ce dokar ta tsufa. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya gudu. Shi ke nan mu ma sai mu yi ta gudun tsumma har mu mutu?"

Ya yi murmushin nan nasa mai sanyi, wanda ke ƙara ba ni haushi kuma ya kashe mini jiki a lokaci ɗaya.

Gershon daga Kagoro ya zo mana, da ƙahon gwanki na kakansa naɗe a tsohon zane. Kafin shi, ba mu da mai busa. Da ya zo sai waƙarmu ta sami wani salo: ni in jefa baiti, shi ya cafe da ƙaho. Wannan jefa da cafewar ita ta kai sunanmu har Kaduna. Da farko ko gaisuwar kirki ba ya iya yi mini don kunya, amma kullum in muna kan dandali idonsa yana kaina. Ran nan na tare shi na ce, "Malam, lafiya kake kallona kamar na ci maka wani abu?" Sai ya ce wai kafaɗata yake kallo, don ya san inda zan ja numfashi ya shigo.

Bayan 'yan watanni ya daina kallon kafaɗar. Ya riga ya san lokacin da zan numfasa tun kafin ni in sani.

Ku gaya mini, wace mace ce za a haddace numfashinta ta tsira?

"Na yanke shawara," ya ce. "Ni zan ajiye. Kawuna yana da shagon gyaran babur a Zonkwa, ya daɗe yana kirana."

"Kai da ko tayar keke ba ka iya facinta ba?"

"Zan koya."

"Ƙahon kakanka fa? Ka rataye shi a bango gizo-gizo ya yi gida a ciki?"

"Ƙaho ƙaho ne, Fini. Ke muryar mamanki ce a bakinki. Duk tsohon da ya ji ki haka yake faɗa. In kin ajiye, ta tafi ke nan gaba ɗaya."

Nan ya taɓa ni inda ke ciwo. Ban riƙe fuskar mamata sosai ba, amma in na ja waƙa sai in ji kamar tana tsaye a bayana. Na kau da kai don kada ya ga idona.

"To ni ma ba zan tsaya in jefa baiti babu mai cafewa ba," na ce. "In ka bari na bari."

"Sai ƙungiya ta rasa mu duka biyu? Abin da iyayenki suka gina?"

"To mu bar auren."

Ban san lokacin da maganar ta fito ba. Ya dube ni, gyaɗar da ke hannunsa ta zube a ƙasa.

"Da gaske kike?"

"A'a..." Na fashe da kuka. "A'a, masoyina, ban san abin da nake faɗa ba."

Ya sa gefen rigarsa ya share mini fuska.

"Ko da wasa kar ki ƙara," ya ce a hankali. "Zuciyata ba ta san wasa a kanki ba."

Haka muka tashi ba mu yanke komai ba. Ya raka ni har kwanar gidanmu ya juya.

*

Ran Asabar da safe motar ƙungiya ta tsaya a ƙofar gida, farar bas ɗin nan tamu mai tari kafin ta tashi. A gidanmu ake ajiye kaya, don haka ina leƙe ta taga aka loda sifiku da ganguna. Hellen ta zo da sabon gashi har gadon baya, ta zauna a kujerata ta jikin taga. Ta hango ni, ta ɗago mini hannu.

"Sista, abeg ki sa mu a addu'a."

Na ce a raina, zan sa ki, amma ba irin wadda kike so ba.

Gershon shi ne na ƙarshen shiga. Ya dafa ƙirjinsa yana kallon tagata, na saki labule.

Tunda na girma ban taɓa wuni a gida ba ƙungiya tana hanya. Na yi wanki, na share tsakar gida, na sake sharewa. Da azahar hadari ya haɗo ta wajen dutsen Kagoro, aka tsuge da ruwa. Da ya ɗan tsagaita na leƙa waje, sai na ga Baba zaune a benci ƙarƙashin mangwaron ƙofar gida, sandarsa tsakanin ƙafafunsa, idonsa a kan titi. Tun da ƙugun nan ya matsa masa ya daina bin mu.

"Mama, me Baba yake yi a waje cikin sanyin nan? Ga abincinsa ko buɗewa bai yi ba."

Mama Faustina tana tsince shinkafa, ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Haka yake yi duk ran da kuka tafi. Ba ya sa komai a baki sai ya ji ƙaran motan nan."

"Kullum?"

"Kullum, 'yata. Ina za ki sani, ke kina ciki kuna waƙe-waƙenku."

Jikina ya yi sanyi, amma taurin kai bai bar ni na fita ba.

Bikin na rana ne, ya kamata a ce la'asar a gida ta same su. La'asar ta yi, ta wuce. Na kira Gershon, waya a kashe. Na kira Malam Mijinyawa, layi ba ya shiga. Har Hellen na kira, ku ji fa, ita ma shiru.

Ina tsaye a zaure da waya a hannu sai wani ɗan acaba ya tsaya a gaban Baba, ruwa na ɗiga daga hularsa.

"Baba Tica, mutanenku sun dawo?"

"Tukuna."

"Ai na ji an ce wani farin bas ya faɗi bayan Zonkwa, a kwanan nan mai santsi. Ban dai gani da idona ba."

Ya ja babur ɗinsa ya wuce, kamar ba shi ya jefa dutse a rijiya ba.

Ban san yadda aka yi na kai bencin ba, sai jina na yi a zaune kusa da Baba, na riƙe hannun rigarsa kamar ƙaramar yarinya.

"Baba... Baba, farar bas ya ce..."

"Farin bas da yawa a hanya," ya ce. Ya damƙe sandarsa. "Zauna. Zama shi ne aikinmu yanzu."

Muka zauna. Duk motar da ta shawo kwana sai gabana ya faɗi, in ta wuce ya sake faɗuwa. Na tuna labulen da na saki a fuskar Gershon da safe. Na ce ya Yesu, in ka dawo mini da shi, ko waƙar wanka ba zan ƙara yi ba in haka ake so.

Can Baba ya fara magana, ba tare da ya dube ni ba.

"Ban taɓa gaya miki yadda na same ki ranan nan ba."

Na girgiza kai.

"A asibiti sun so su riƙe ni. Na ce a'a, ba baƙo ne zai gaya wa yarinyan nan ba. Aka ɗauko ni a kwance a bayan mota, Mijinyawa yana riƙe da kaina. Muka same ki a ƙofan maƙwabciya. Kin sa takalmin mamanki mai tsini, kina ja yana ƙwas-ƙwas. Da kika gan ni kika taho da gudu."

Ya gyara riƙon sandarsa.

"Kika ce, 'Baba Barto, ina Mama?' Na yi shiru. Kika ɗan yi tunani, sai kika ce, 'To ina Dadi?'"

Hawaye ya gangaro cikin furfurar gemunsa. Ban taɓa ganin Baba yana kuka ba, ko a jana'iza.

"Tambaya biyu kika yi mini, Afiniki. Da ina da amsan guda ɗaya, da na iya ɗaga kai na dube ki. Ba ni da ko ɗaya. Na koyar da yara shekara da shekaru, ban taɓa rasa amsa ba sai ranan."

"Baba..."

"Ba ƙin ku nake ba. Wallahi ina son yaron nan. Amma ba zan ƙara tsayawa gaban wani yaro hannu biyu babu komai ba. Ba zan iya ba."

Na kifa kaina a cinyarsa na yi kuka mai isata. Kukan Gershon, da kukan yarinyar nan mai takalmi mai tsini, wadda ban taɓa yi mata kuka ba sai ranar. Ya ɗora hannu a kaina yana bubbugawa a hankali, yadda yake yi in zazzaɓi ya kama ni ina ƙarama.

Rana ta yi ja, an fara haramar kiran magariba a masallacin kasuwa, sai na ji shi. Tarin nan. Babu motar da ke tari irin tamu a duk Kudancin Kaduna.

Na tashi da gudu, ko takalmi babu, cikin taɓo. Motar ba ta gama tsayawa ba na kama ƙofa. Malam Mijinyawa ya fara saukowa, gaban babbar rigarsa duk jini.

"Kwantar da hankalinki, 'yata, ba namu ba ne. Wata bas ce ta 'yan kasuwa ta zame a gabanmu. Muka sauke sifiku a bakin hanya muka kai su asibiti, sannan muka dawo muka loda. Duk suna da rai, alhamdu lillahi. Wayoyinmu kuwa ruwa ya gama da su."

Sai ga Gershon a bayansa, jiƙe sharkaf, ƙaho rataye a wuya.

Na yi niyyar rungume shi. Maimakon haka sai na hau dukan ƙirjinsa da hannu bibbiyu.

"Mugu! Mugu kawai! Ka san abin da na gani yau?"

"Fini, yi haƙuri, ga ni..."

"Kar ka ƙara."

"Ba zan ƙara ba, zuciyata. Ga ni."

Ya riƙe hannuwana biyu ya haɗa su a ƙirjinsa. Kowa ya kau da kai, ban da direba, wanda ya ce a matsa masa zai yi ribas.

Hellen ta sauko, sabon gashin ya manne mata a wuya. Ta tsaya a gabana tana murza yatsu.

"Sista, ki zo ki karɓi kayanki. Ni na gaji."

"Me ya faru?"

"Tambayi mutuminki. Duk inda ke kike numfashi nan yake shigowa. Ina tsakiyan magana sai in ji fuuu a kunnena. In na tsaya ina jiransa kuma sai ya yi shiru yana kallon sama. Har uwan amarya ta aiko a tambaya ko muna faɗa ne."

"Ban yi da gangan ba," Gershon ya ce, kansa a ƙasa. "Bakina ne ya saba."

Malam Mijinyawa ya kece da dariya har da riƙe ciki. Hellen ta taɓa hannuna, muryarta ta yi ƙasa.

"Hoton nan... ban kyauta ba."

"Ba ki kyauta ba," na ce. "Shiga ciki Mama ta ba ki zane, kar sanyi ya kama ki."

Na ja hannun Gershon muka je gaban benci, muka durƙusa a jiƙaƙƙiyar ƙasa. Yana shirin buɗe baki na riga shi, don na san zancen gyaran babur zai kawo.

"Baba, na ji. Yau na ji da jikina. Ba zan ƙara ce wa dokarka tsumma ba."

"Kin ce mata tsumma?"

"A bayan idonka. Ka yafe mini." Na share hanci. "Abin da kake so shi ne a sami mai amsawa a gida. To yau ni na zauna, shi ya tafi. Wani bikin shi ya zauna, ni in tafi. Ba za mu ƙara shiga mota ɗaya ba, daga yau har 'ya'yanmu su girma. Amma kar ka raba ɗayanmu da ƙungiyar nan."

Baba ya dube ni.

"Kin san abin da kike faɗa? Sunan da kuka yi, tare kuka yi shi. Ba za a ƙara jin ku tare a Kachia ba, ko Jere, ko Kaduna."

"Na sani."

"Kai fa?"

Gershon ya dube ni, ya dubi ƙahonsa. Na ga abin ya yi masa ciwo, kamar yadda ya yi mini.

"Na yarda, Baba. Zan koyi numfashin Hellen."

"Kar ka koya da yawa," na ce.

Malam Mijinyawa ya matso, yana naɗe hannun riga zai yi alwala.

"Barto, cikin gari fa? Daga nan zuwa kasuwa ai ba a hawa mota."

Baba ya harare shi, irin hararar da suka saba tun suna firamare. Sannan ya goge ido da bayan hannu.

"Cikin gari su tafi da ƙafa." Ya ɗaga murya wajen zaure. "Faustina, ɗumama mini abincin nan. Ki ƙara kwano, surukinki yana jin yunwa."

*

Bayan an haƙi citta aka ɗaura mana aure. Da ƙafa muka je coci, da ƙafa muka je filin biki, kalangun Malam yana gaba, mutanen gari ta kowane ɓangare suna biye. Ranar na jefa ya cafe har muryata ta dushe.

Ba zan yi muku ƙarya in ce abin bai da zafi ba. An taɓa gayyatar mu wani babban taro a Abuja, aka ce lallai sai mu biyun tare. Muka ce a yi haƙuri. Na yi kwanaki ina kumbure-kumbure, Gershon yana lallashi da dafaffiyar gyaɗa. In na je biki wani gari, akan sami wanda zai tambaye ni ina mai ƙahon, sai in ce yana gida, mai son jin mu tare ya zo Kafanchan. Wasu kuwa suna zuwa.

Yanzu muna da 'ya, Yemima, ta fara surutu, bakinta ba ya hutawa. Ranar Asabar ɗin da ta wuce aka kira mu biki Jere. Jere ɗin dai. Da safe Gershon ya daɗe yana riƙe da hannuna a addu'a.

Da ta ji tarin mota ta fito da gudu, bakinta duk kunu. Ta dubi jakata, ta dubi babanta, ta kama zanena.

"Mama, ina za ki?"

"Jere, 'yar lele. Zan je in yi waƙa in dawo."

Ta ɗan yi tunani, goshinta a tattare.

"To Dadi fa?"

Baba yana zaune a bencinsa, na ga ya runtse ido.

Gershon ya sunkuya ya ɗauke ta, ya goge mata baki da tafin hannunsa.

"Ga ni nan," ya ce. "Ina gida."

"To," ta ce, ta kwantar da kai a kafaɗarsa tana ɗaga mini hannu.

Na shiga mota na zauna a jikin taga. Hellen ta miƙo mini hankici ba tare da ta tambaye ni komai ba, direba ya ja muka tafi.